Likita Ta Ce Mu Bincika Gado

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, da mazan da za su leƙo su karanta. Sunana Hadiza, amma Dije kowa yake ce min. Ina aure a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, a bakin kanal. Ni ba mai fita ba ce, sana'ata ma a tsakar gida nake yin ta: in turara shinkafa, in shanya, a kai inji, masu saye su same ni a gida. Karatuna bai yi nisa ba, in kun ga rubutun ya karkace ku bar shi ku ɗauki maganar. Abin da Allah ya ba ni shi ne kunne. Mutum ya yi magana sau ɗaya a gabana, zan maimaita miki ita da muryarsa, har da inda ya yi tari. A gidan suna ni ake sawa in kwaikwayi mutane a yi ta dariya. To wannan kunnen da nake taƙama da shi yana cikin abin da ya ja mana doguwar jinya, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wata za ta tsira.

Maigidana, Malam, manomin rani ne. Tun kafin a kawo ni gidan nan yake ɗaukar kwandon tumatir a ka, daga cikin gona har bakin titi inda motoci suke lodi. Wanda bai taɓa ɗaga kwandon nan ba, ba zai gane nauyinsa ba. Mutum biyu ne suke ɗora wa mutum ɗaya. Babban ɗanmu Nura, wanda yanzu shi ma magidanci ne da 'ya'yansa, haka ya taso ya ga ubansa yana yi, haka shi ma yake yi.

Ciwon ya fara ne lokacin dashe. Malam ya dawo daga gona ya ce wuyansa ya ƙage. Na gasa masa da ruwan ɗumi, na shafa man zafi, muka ce gajiya ce. Bayan 'yan makonni ciwon ya sauko kafaɗa, ya bi hannun dama har yatsu. Sai ya riƙa yarfa hannun yana cewa minjirya yake masa. Mai kemis ya ce sanyi ne, tunda a cikin ruwa yake wuni, ya ba shi ƙwayoyi. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho a ƙeya. Wani ya ce a kai shi wajen mai ɗori ta wajen Madobi, ya murɗe wuyan sau ɗaya ya koma daidai. Wannan kam Allah ya taimake mu ba mu je ba, don babur ɗin Nura ya lalace a makon.

Ranar da hankalina ya tashi, tuwo muke ci. Na ga Malam ya yanko loma, ya tsoma a miya, kafin ta kai baki ta suɓuce ta faɗi kan rigarsa.

Ya ce, “Dije, tuwon nan naki da zafi.”

Na ce, “Tuwon da ya huce tun ɗazu?”

Ya sake yankowa, ta sake faɗuwa. Ya zauna yana kallon hannun kamar na wani ne aka ara masa. Tun daga ranar nan na daina tunanin wuya, hannun nan na dama na sa a gaba. Da shi yake cin abinci, da shi yake alwala, da shi yake gaisawa da mutane, da shi yake ciyar da mu.

A ƙaramin asibitin da ke kusa da mu suka ɗauki hoton ƙashi, suka ce ba aikinsu ba ne, mu tafi babban asibiti a Kano. Wanda bai taɓa zuwa ba ya shirya ƙafarsa. Ka yi sallar asuba ka kama hanya, ka tarar da wasu kamar a can suka kwana. Layin kati daban, layin biya daban, layin likita daban, kowanne kuma da mai tsawa a bakin taga. Zuwanmu na farko aka ce masu duba wuya ba ranar suke zama ba. Muka dawo gida da gajiya da ƙosai mai sanyi. Sai a zuwa na gaba muka samu shiga, rana ta riga ta karkata.

Likitar mace ce, Bayarabiya, mai fara'a. A Kano ta koyi Hausa, kuma tana ƙoƙari ƙwarai, sai dai maganar takan hau inda ya kamata ta sauka. Ta ƙwanƙwasa gwiwar Malam da 'yar guduma, ta ɗalli ɗan yatsansa, ta sa shi ya yi tafiya a kan layi ɗaya. Sannan ta ce, “Baba, a gida akwai mai irin wannan ciwo?”

Malam ya ce, “Babu, likita. Ni kaɗai ne.” Shi gidanmu yake nufi, ni da yara.

Ta ce, “Baba, kaya a kai yana kawo shi. Shekaru yana kawo shi. Amma wani lokaci yana zuwa daga gado. Ku je ku bincika gado sosai, ku zo ku gaya min.”

Yadda na rubuta muku haka ta faɗa, kuma yadda ta furta kalmar, gadon kwanciya ta ce. Kunnena bai yi min ƙarya ba. Ta rubuta magani da takardar wani babban hoto da suke kira em-ar-ai, ta ce kada ya ƙara ɗaukar kaya a ka, kuma kada mu daɗe ba mu dawo ba. Akwai mutane cike a bakin ƙofa suna leƙe, muka yi godiya muka fito.

Da muka tambayi kuɗin hoton a taga, Malam ya ninke takardar ya sa a aljihu. A cikin mota kuwa sai na ga fuskarsa ta saki.

“Kin ji ko? Ashe gado ne. To me ya yi zafi? A canza wurin kwana, a gama tsinkar tumatir, in ya so a yi hoton daga baya.”

Ni ma na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba. Ciwon da maganinsa sauka daga gado ne, wa zai ƙi?

Amma ku mata kun san gado a ɗakin aure na wa ne. Nawa na ƙarfe ne, mai rumfa, marigayiya mahaifiyata ce ta yi ta adashi ta saya min shi. Labari ya kai kunnen Yaya Asabe, yayar Malam, wadda ta raine shi bayan rasuwar uwarsu. Ba muguwa ba ce, amma a kan ƙanen nan nata ba ta da sauƙi. Washegari sai ga ta da mayafi a kafaɗa.

“Likita da bakinta ta ce a bincika gado?”

Na ce, “Haka ta ce, Yaya.”

“To ai magana ta fito. Su ma likitocin sun san akwai abin da ba na allura ba. Kama mu fitar da shi.”

Muka fitar da gadon tsakar gida, muka kwance shi ƙarfe-ƙarfe. Ta leƙa kowane rami. Ta sa reza ta farke katifar daga kai har ƙafa, tana cusa hannu tana neman laya. Sau biyu rezar tana faɗuwa daga hannunta, tana zagin masu yin rezar zamani. Abin da ta samu ɗan kunnena ne da ya ɓace tun goyon autata, da wani tsohon mataji. Ta miƙe, ta juyo da jikinta gaba ɗaya ta fuskance ni, ta ce, “Ko ba a ga komai ba, gadon nan dai daga gidanku ya zo.”

Na shiga madafi na zauna, hayaƙi ya rufa min asiri. Gadon ya zauna jingine da katanga, rana ta dake shi. Matan da suke zuwa awon shinkafa sai su kalle shi, su kalle ni, su ce, “Ya mai jiki?” da wata irin murya. Ni kuwa da kunnena, har abin da ba su faɗa ba ina ji.

Malam ya koma tabarma. A makon farko ya ce ya ji sauƙi, ni dai ina zaton ƙwayoyin da likita ta rubuta ne. Jin sauƙin nan ya sa ya koma ɗaukar kwando, don kaka ta kama, tumatir kuma ba ya jiran mai ciwo. Da ciwon ya dawo sai muka ce tabarmar ce ba ta isa ba. Wani ya ce ya kwanta a kan ƙyauren ƙofa, muka ciro ƙyaure. Wata ta ce matashin ƙaiƙayi, na ɗinka. Wani ya ce a cire matashin gaba ɗaya, muka cire. Muka canza ɗaki, muka canza inda kai yake kallo. Duk wurin da mutum zai iya kwanciya a gidan nan mun gwada shi.

Haka muka ci kakar tumatir, muka shiga bazara. Hannun dama ya daina riƙe buta. Maɓallin riga ni nake sa masa. Na hagun ma ya fara. Sai ƙafafu suka shiga, ya riƙa tafiya yana tangaɗi, takalmi ya fita daga ƙafarsa bai sani ba. Mutumin da ko goro bai dame shi ba, har aka fara raɗa ko wani abu yake sha.

Abin da ya fi ci min rai cin abinci ne. Da farko sai ya ce, “Dije, saki labulen,” ya ci da hagu a ɓoye yana istigfari. Da hagun ta gaza, na ɗauko cokali. Ya kawar da kai.

“Ni za a ba abinci a baki? Na ƙoshi.”

“Malam, ba ka ci komai ba tun safe.”

“Na ce na ƙoshi.”

Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Ni ma na rame. Ga wanka, ga wanki, ga gashi da ruwan zafi safe da yamma, ga masu dubiya kowa da maganinsa a ƙulle a leda, kuma kowa sai an dama masa fura. Tukunyar shinkafata ta yi tsatsa. Akwai ranar da na zauna tsince tsakuwa a faranti, barci ya ɗauke ni a zaune, kaji suka cinye rabin shinkafar.

Ƙarshenta faɗuwa ya yi. Ya lallaɓa gona wai ya duba ban ruwa, ƙafa ta ƙi shi a bakin kanal, ya zame ciki. Nura ne ya tsamo shi ya goyo shi har gida, jiƙe sharkaf. Ranar Nura ya ɗaga wa ubansa murya, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, “Baba, ko ka yarda ko ba ka yarda ba, gobe zan kai sanmu na noma kasuwa.” Aka sayar da sa, aka haɗa da shinkafar da na ɓoye ta damina, aka yi hoton. Sun shigar da shi cikin wata na'ura kamar rami, tana ƙara kamar injin casa. Da ya fito ya ce ya yi kalmar shahada ta fi a ƙirga.

Muka sake bin layukan nan. Wannan karon da Yaya Asabe muka je, don sai an riƙe shi ta gefe biyu. Likitar nan ce dai. Ta ɗaga hoton a jikin fitila ta daɗe tana kallo, fara'ar nan ta tafi.

“Baba, me ya sa kun daɗe haka?”

Na yi sauri na ce, “Likita, ba zama muka yi ba. Mun bincika gadon kamar yadda kika ce. Mun kwance shi, mun farke katifa, ba mu ga komai ba. Ya koma tabarma, ya koma kan ƙyaure, duk ba sauƙi.”

Ta kalle ni ba ta gane ba. “Katifa?”

Akwai wata nas a gefe, dattijuwa, Bakanuwa, tana jera katuna. Ta tsaya cak. Ta ce, “Likita, wane gadon kika ce su bincika? Na kwanciya, ko na iyaye da kakanni?”

Ku da kuke karantawa, a takarda kalma ɗaya ce. A baki kuwa ba ɗaya ba ce, kun sani. Na iyaye jan sa ake yi, a sauke murya a ƙarshe. Na kwanciya a taƙaice yake fita, murya a sama. Likita na iyaye take nufi, bakinta ya faɗi na kwanciya. Da kunnena irin na Malam ne, wanda sai an faɗa masa magana sau uku, da wataƙila na tsaya na tambaya. Amma na ji sarai, na kuma yarda da abin da na ji.

Likitar ta dafe kai da hannu biyu. Da ta ɗago idonta ya yi ja. Ta ce, “Mama, ki yi haƙuri. Bakina ne.”

Na ce, “A'a 'yar nan, kunnena ne.”

Sai muka ji wani sauti. Malam ne yake dariya, dariyar da rabona da jin ta tun dashe. Yana yi yana riƙe wuya da bayan hannu, hawaye na zuba. “Ƙyaure! Wata da watanni ina kwana a kan ƙyaure kamar gawa!” Ni ban iya dariyar ba. Yaya Asabe kuwa ƙasa take kallo.

Daga nan nas ɗin ta zauna tana yi mana tafinta, duk abin da likita ta faɗa ta maimaita da Hausar gida. Aka sake tambaya: a cikin iyaye da 'yan uwa, akwai wanda ya yi irin wannan? Malam ya ce shi dai bai sani ba. Ni ce abin ya faɗo min.

Na ce, “Malam, Baffa fa?”

Baffa shi ne mahaifinsu, na same shi da rai. A garin nan Ba-waiwaye ake ce masa. In ka kira shi ta baya ba ya juyo da kai, sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, a hankali, kamar hakimi. Mutane suna cewa ƙasaita ce, har maroƙa suna yi masa kirari da ita. A ƙarshen rayuwarsa carbi ya daina zama a hannunsa, fura ma sai an riƙe masa ludayi. Muka ce tsufa ne. Na tashi a gaban likita na gwada yadda yake juyowa. Ina cikin gwadawa na ga idon likita ba a kaina yake ba, yana kan Yaya Asabe, wadda ita ma a daidai lokacin ta juyo da jikinta duka don ta kalle ni.

Likita ta ce, “Mama, kawo hannunki.”

Yaya Asabe ta ce, “Ni rakiya na zo.”

“Kofi yana faɗuwa a hannunki?”

Malam ne ya amsa. “Likita, duk kwanukan gidanta a lotse suke. Tun tuni muke cewa garaje ne.”

Aka rubuta mata nata katin a ranar.

Bayanin da suka yi mana, ga yadda na riƙe shi. Tsakanin kowane ƙashin wuya da ɗan uwansa akwai wani abu mai laushi, nas ta ce mu ɗauke shi kamar gammo. Da shekaru da ɗaukar kaya gammon yakan bushe, ya lotse, ya tsage. Wasu dangin nasu gammon tun asali bai kai na wasu ƙwari ba, wannan shi ne gadon. In ya tsage, abin da ke cikinsa ya fito, sai sojojin jiki, waɗanda aikinsu yaƙar cuta, su gan shi. Ba su taɓa ganin sa ba tunda a rufe yake, sai su ɗauka baƙo ne su far masa. Faɗan nan shi ke kawo kumburi da zafi. Gammon da ya bultso da kumburin sai su danne laka, wadda take kai saƙo hannu da ƙafa.

Malam ya ce, “Kamar a toshe kanal daga sama ke nan. Gonakin ƙarshe su ke fara bushewa.”

Likita ta ce haka ne. Ya ce, “To in an buɗe, gonar da ta bushe tana tashi?”

Ta ce aikin da za a yi don a tsayar da ɓarnar ne. Abin da ya tafi, wani zai dawo, wani ba zai dawo ba, kuma watannin da aka yi sun yi tasiri. Ba ta ɓoye mana ba, na gode mata da wannan. Na tambaye ta ko akwai gwajin jini da za a yi wa Nura a san ko ya ɗauko. Ta ce masu bincike suna ta neman alamomin abin a cikin jini, amma har yanzu babu gwajin da za ta yi ta ce wane zai yi, wane ba zai yi ba. Ta ce ba duk ɗan gidan ne yake yi ba, kuma wanda ba na gidan ba ma yana yi. Abin da ke hannunmu shi ne a rage kaya a ka, a kuma zo da wuri.

Jiran ranar tiyata wata jinyar ce. A ba ka rana, ka je, a ɗaga. A ce a kawo masu ba da jini, Nura da abokansa su je su wuni. A ce wani ƙarfe da za a sa a wuyan sai an sayo. Abin da ya rage mana na kadara ya tafi a nan, ba sai na jera ba. 'Yan uwan noman Malam sun yi karo-karo, Allah ya saka musu. Aka ce mana ta gaban maƙogwaro za a shiga. Malam ya ce, “Dije, in na tafi ki yafe min.” Na ce, “In ka tafi wa zai biya ni katifata?” Haka muka rabu a bakin ƙofar, da dariyar da ba ta kai ciki ba.

Allah ya sa aka fito lafiya. Zaman asibitin kuwa ba na fatan maƙiyina ya yi shi. Shimfiɗata a baranda take da sauran masu jinya, ga sauro, ga ruwa yau akwai gobe babu. Akwai nas ɗin da in ka kira ta kamar ka zage ta. Akwai kuma wadda take juya Malam da hannunta tana ce masa Baba, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Likitarmu kullum sai ta leƙo, ko ba ranar aikinta ba. Ta ce in koya mata kalmomin nan biyu. Ina faɗa tana maimaitawa, har masu jinya suka riƙa taya ta. Yanzu in za ta tambayi mara lafiya, cewa take, “gado na iyaye,” ta ja shi har ya wuce misali.

Mun dawo gida da wani abin wuya mai tauri da suke kira kwala, murya a dishe, ba ya haɗiyar komai sai kunu. Masu gashi na asibiti suka koya min motsa masa yatsu. Suka ce ya riƙa tsintar ƙananan abubuwa. Na zuba masa wake a faranti, yana ɗauka ɗaya-ɗaya yana sawa a kwano, yana mita wai an mai da shi kaza. Da wake ya yi sauƙi na koma masa shinkafa.

Damina ta wuce, wani dashen ya zo ya wuce. Ga inda muke yau. Ƙafa ta dawo, sai dai da sanda. Hannun hagu lafiya lau. Na dama, babban yatsa da biyun da ke bin sa suna aiki, biyun ƙarshe sun lanƙwashe, ba ya jin su. Likita ta ce wataƙila haka za su zauna. Nakan kalle su in tuna ƙyauren nan, sai in tashi in nemi aikin yi.

Ranar da ya fara cin tuwo da kansa, ban ce masa ya gwada ba. Na ajiye kwano na juya ɗauko cokali, da na waiwayo ya riga ya sa hannu. Da yatsu uku ya yanko, 'yar ƙarama, ya tsoma a miyar kuɓewa. Rabi ya zube a hanya. Rabin ya shiga baki. Ya tauna, ya haɗiye, ya ce, “Gishiri ya yi kaɗan.” Na mai da cokalin cikin kwando. Har yau ban ƙara ɗauko masa shi ba.

Yaya Asabe nata bai kai na Malam ba, magani da gashi aka ɗora ta a kai. Ba ta taɓa ce min in yi haƙuri ba, ba halinta ba ne. Wata rana dai sai ga a-daidaita-sahu a ƙofar gida da sabuwar katifa ɗaure a sama. Ta sa aka goge tsatsar gadon, aka ɗaura shi a inda yake. Yanzu duk jajibirin zuwanta asibiti a gidanmu take kwana don mota ta fi sauƙi, kuma a kan gadon nan take kwana, ni ina ƙasa. Rannan da safe ta yi miƙa ta ce, “Dije, gadon nan naki da daɗin kwana.”

Na ce, “Nawa dama lafiyarsa ƙalau, Yaya. Naku ne sai a hankali.”

Ta ɗauki matashi ta jefe ni, ya suɓuce ya faɗi a gabanta. Muka yi dariya, sannan na tashi na ɗauko mata shi.

'Yan uwa, abin da zan ce kaɗan ne, don na gaji. In likita ya faɗi magana, ko kin ji ta sarai, ki maimaita masa da bakinki, ki ce kaza kake nufi? Ba ƙauyanci ba ne. In ciwon wuya ya sauko hannu, ko abu ya fara suɓucewa, kada a jira a gama kaka, kada kuma a bari kowa ya murɗe wuyan. Ku tambayi tsofaffin gidanku yadda iyayensu suka ƙare, har da sunayen da ake tsokanar su da su. Mu namu ciwon shekara da shekaru yana gidan, kirari muke yi masa.

Malam yanzu a bakin gona yake zama a inuwa, yana nuna wa mutane aiki da sanda. Ya sa Nura ya sayi baro don kwasar tumatir. Abokan Nura suna yi masa dariya, kunyar gona kuma ba ko'ina baro yake bi ba, na san in motar lodi tana sauri yakan faki ido ya ɗora kwandon a ka. Na yi faɗa har na gaji.

Kullum da safe yakan shigo gaishe mu kafin ya wuce gona. Nakan bari sai ya juya, ya kai bakin zaure, sannan in ce, “Nura!” Ba ni da abin da zan faɗa masa. So nake in ga da me zai juyo, da wuya ko da jiki.

Yau ma na kira shi. Ya waiwayo da wuyansa, ya ce, “Na'am, Inna?”

Na ce, “Ba komai. Allah ya tsare.”